Jirin da ke tasowa idan an juya a kan gado ko an ɗago daga sujada

Tambaya: "Assalamu alaikum likita. Shekaruna 54. Yau wata biyar ke nan, duk lokacin da na juya ta hannun dama a kan gado, ko na ɗago daga sujada, sai in ga ɗaki yana juyawa da ni, zuciyata ta tashi. Ba ya kai minti ɗaya, amma bayan ya wuce sai in wuni kaina ba daidai ba. An auna ni an ce jinina ya ɗan hau, an yi mini ƙarin ruwa sau biyu, kuma tun daga lokacin nake shan Stugeron safe da dare. Yanzu na daina zuwa kasuwa da biki, a zaune nake salla, wasu 'yan'uwa kuma suna cewa iska ce. Ana warkewa kuwa?"

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Ana warkewa. Irin jirin da kika kwatanta yana cikin waɗanda suka fi saurin jin magani a duk aikinmu na kunne. Abin da ya taɓa ni a saƙonki shi ne wata biyar ɗin nan da aka cinye ba a samu wanda ya kwantar da ke a gadon gwaji ya juya kanki ya kalli ƙwayar idonki ba. Gwaji ne na minti biyu, ba ya buƙatar na'ura ko wutar lantarki.

Mu Hausawa kalma ɗaya muke amfani da ita ga abubuwa da yawa. Wanda ya miƙe tsaye da sauri ya ga duhu ya rufe masa ido, zai ce jiri. Mai azumi da la'asar a watan zafi, mai juna biyu da jininta ya yi ƙasa, mai ciwon suga da ya sha magani bai ci abinci ba, duk jiri suke cewa. Waɗannan yawanci daga jini ne ko ƙarancin ruwa a jiki, kuma su ne ƙarin ruwa da maganin ƙarin jini ke yi wa amfani. Naki daban ne. Ke ɗaki kike gani yana juyawa, motsin kai ne ke tayar da shi, kuma ba ya kai minti ɗaya. Idan waɗannan abubuwa uku suka haɗu, wurin da muke fara zargi shi ne can cikin kunne.

Bayan dodon kunne, a cikin ƙashin kai, akwai wani ƙanƙanin wuri mai aiki biyu: ji, da daidaita tsayuwar jiki. Ɓangaren daidaito yana da 'yan bututu uku masu lanƙwasa kamar zobe, cike da ruwa, kowanne yana fuskantar nasa ɓangaren. Idan kika juya kai, ruwan ya motsa, sai jijiya ta kai wa ƙwaƙwalwa labari. Kin san yadda yara ke wasan hajijiya, su yi ta juyi, su tsaya amma ƙasa ta ci gaba da gudu da su? Ruwan nan ne bai gama tsayawa ba, kamar ruwan da aka juya a ƙwarya aka ajiye. Kusa da bututun akwai 'yan jakunkuna biyu da ke ɗauke da wasu ƙananan tsakuwoyi da ido ba ya gani, sinadarinsu irin na ɓawon ƙwai ne. Aikinsu su sanar da jiki ina ne sama ina ne ƙasa. Da girma ya fara zuwa, ko bayan an bugu a kai, ko bayan doguwar jinya a kwance, wasu daga cikinsu sukan ɓalle su faɗa cikin ɗaya daga cikin bututun. Da zarar kin kwanta ko kin juya, sai su gangara su ja ruwan, kunne ya ce wa ƙwaƙwalwa kina juyawa alhali ido yana cewa kina kwance. Wannan saɓanin shi ne juwar, shi ne kuma tashin zuciyar. Da tsakuwoyin sun zauna a ƙasan bututun sai abin ya lafa, shi ya sa ba ya daɗewa. Likitoci suna kiran wannan matsala BPPV. Ita ce ta fi kowace yawa a cikin jirin kunne, ta fi kama mata, kuma ta fi zuwa daga shekara 50 zuwa sama.

Gwajin da na ambata wasu likitoci biyu ne na birnin Landan, Margaret Dix da Charles Hallpike, suka bayyana shi a 1952. Za a zaunar da ke a kan gado, a karkata kanki gefe guda, a kwantar da ke da ɗan sauri har kai ya ɗan rataya. Idan tsakuwoyin suna wannan kunnen, bayan 'yan daƙiƙu jirin zai taso kuma ƙwayar idonki za ta riƙa fizga ta wata siga da likita ya sani. Ba daɗi, gaskiya, amma daga nan ake gane kunnen da bututun. Maganin kuma a nan take ake yin sa, a kan gadon. Wani likitan kunne na Amurka, John Epley, ya wallafa hanyar a 1992: ana bin kai da juyi mataki huɗu, ana tsayawa kamar rabin minti zuwa minti ɗaya a kowane mataki, har tsakuwoyin su bi lanƙwasar bututun su koma jakarsu. Kusan mutum takwas cikin goma suna samun sauƙi bayan an yi musu sau ɗaya ko biyu. Na sha ganin dattijuwar da aka shigo da ita ana riƙe da ita hagu da dama, ta fita da ƙafarta tana tambaya ko shi ke nan, ba allura ba kwaya. Za ki ga bidiyon wannan juyin a waya, amma ina roƙonki karo na farko ki bari wanda ya iya ya yi miki. Idan aka yi wa kunnen da ba shi ba, ko tsakuwoyin suna wani bututun daban, wahala kawai za ki sha. Mai ciwon wuya ko na baya kuma sai an yi masa dabara ta musamman.

Kafin in wuce, tunda an ce jininki ya hau, akwai alamun da ba a jira da su. Idan jiri ya zo tare da ganin abu biyu-biyu, ko nauyin harshe, ko karkacewar baki, ko mutuwar hannu ko ƙafa, ko ciwon kai mai tsanani irin wanda ba a saba ba, ko mutum ya kasa tsayuwa sam ko da an tallafe shi, ko kunne ɗaya ya daina ji farat ɗaya, to a tafi asibiti a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne. Shanyewar ɓarin jiki takan fara da jiri idan ta taɓa bayan ƙwaƙwalwa. Idan an rubuta miki maganin hawan jini, ki ci gaba da shan sa yadda aka rubuta. Sai dai ki sani hawan jini shi kaɗai ba kasafai yake sa ɗaki ya juya don an juya a kan gado ba. Sau da yawa tsoron jirin ne ma ke ɗaga awon a ranar da aka je asibiti, sai a ɗora wa hawan jini laifin duka, a manta da kunne.

Yanzu maganar Stugeron, wadda ita ce na fi son ki ji. Wannan ƙwayar, da Stemetil da ire-irensu, aikinsu su dusashe saƙon da ke fitowa daga kunne, su kwantar da amai. Suna da amfani ƙwarai a kwana biyu ko uku na farkon jiri mai tsanani. Ba sa mayar da tsakuwa wurinta. Idan aka daɗe ana shan su kuma suna hana warkewa, ga dalili. Tsayuwar mutum kamar tukunya ce a kan duwatsun murhu uku: ido, kunne, da abin da tafin ƙafa da gaɓoɓi ke ji. Idan dutse ɗaya ya goce, ƙwaƙwalwa tana da baiwar sake gyara zaman tukunyar, amma sai ta ji gocewar tukuna, sau da yawa, kafin ta koyi gyarawa. Ƙwayar da ke dusashe saƙon ta rufe mata wannan darasi. Kwanciya a ɗaki da gudun motsa kai su ma haka. Ga shi Stugeron yana kawo barci da kasala da nauyin kai, kuma ga masu shekaru idan aka yi watanni a kansa yakan jawo rawar hannu da taurin jiki. Ba mamaki wani kaso na wannan "kaina ba daidai ba" da kike wuni da shi daga ƙwayar yake. Ki gaya wa likitan da zai gan ki tsawon lokacin da kika ɗauka kina sha, ku tsara yadda za ki daina.

Ko bayan an mayar da tsakuwoyin, kada ki yi mamaki idan kika yi kwanaki ko 'yan makonni kina jin kamar kina tafiya a kan katifa. Jikin da ya yi wata biyar yana kaffa-kaffa ba ya sakin jiki rana ɗaya. A nan ne mutane da yawa ke maƙalewa. Jirin farko ya tafi, amma tsoronsa ya zauna. Mutum ya sandare wuya, ya riƙa juyawa da dukan jiki kamar wanda ya ɗauko tulu, ya dogara da ido fiye da kima. Sai ya shiga kasuwar Kwari ko ta Kurmi, ga jama'a suna kai da komo, ga atamfofi masu zane iri-iri a rataye, ya ji kansa ya yi yawo, ya koma gida ya ce ciwo ya dawo. A 2017 ƙungiyar masana jiri ta duniya, wadda ke ɗauke da sunan Robert Bárány da ya samu kyautar Nobel ta 1914 a kan aikin wannan sashe na kunne, ta ba wannan yanayi suna da ma'auni nasa. Ciwo ne na gaske, ba raki ba ne, kuma ina so mazaje da 'ya'yan masu fama da shi su ji wannan. Maganinsa komawa cikin motsi da jama'a a hankali, wani lokaci tare da maganin damuwa idan fargabar ta yi yawa.

Motsa jikin da muke koyarwa ya samo asali tun shekarun 1940, lokacin da wasu likitoci biyu a Ingila, Cawthorne da Cooksey, suka lura cewa marasa lafiyar da ke tashi suna motsa kai sun fi waɗanda ke kwance saurin miƙewa. Mafi sauƙinsa ga shi. Ki rubuta harafi ɗaya babba a takarda, ki riƙe a gabanki tsawon hannu, kina zaune. Ki kafa ido a kan harafin, ki riƙa juya kai dama da hagu kamar mai cewa a'a, da saurin da harafin ba zai dushe ba, na minti ɗaya. Ki huta, ki yi sama da ƙasa kamar mai cewa i. Sau uku zuwa biyar a rana, ki haɗa shi da lokutan salla don kada ki manta. Bayan mako ɗaya ki yi a tsaye kusa da bango. Daga nan ki yi tafiya a tsakar gida kina waiwaye dama da hagu, sannan ki tsaya ƙafa a haɗe a kusurwar ɗaki, kujera a gabanki, ki rufe ido na 'yan daƙiƙu. Dole ya ɗan tayar da jiri, wannan shi ne alamar ana aiki. Ma'aunin shi ne ya lafa cikin kwata ɗin awa. Idan ya wuce haka kin yi da yawa, gobe ki rage. Yawanci cikin mako huɗu zuwa shida ake ganin bambanci, wasu sukan kai wata uku. Ma'aikatan sashen gashin ƙashi a manyan asibitoci su ne suka fi ƙwarewa a kan wannan, su za su daidaita miki shi gwargwadon jikinki.

Batun salla, hankalinki ya kwanta. Hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari ya ba mara lafiya damar yin ta a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Kin yi daidai da kika zauna lokacin da faɗuwa ke barazana. Amma bayan an yi miki gyaran, ina so ki koma ruku'u da sujada, ki fara da nafila raka'a biyu kusa da bango, wani yana kusa. Sunkuyawa da ɗagowa sau da yawa a rana motsa jiki ne mai kyau ga wannan sashe na kunne. Ki riƙa ɗagowa da natsuwa, ki ɗan zauna kafin ki miƙe.

Kafin a kai ga haka, akwai wuraren da jirin daƙiƙa goma ke iya zama musiba: bakin rijiya, gaban murhu da tukunyar tafasasshen ruwa ko mai, hawa kujera don ɗauko kaya a saman kabad, goyon jika, da hawa babur a zaune gefe guda. Ki bar wa wasu waɗannan na ɗan lokaci. Da dare kuma ki kwana da tocila a gefen filo, domin a duhu an cire wa tukunyar dutse na biyu, wato ido, kuma yawancin faɗuwar da muke gani a hanyar banɗaki take faruwa bayan an ɗauke wuta. Idan za ki tashi da asuba ki zauna a bakin gado ki ƙirga ashirin. A banɗaki ki yi wanka a zaune a kan 'yar kujera.

Zan faɗa miki gaskiya, tsakuwoyin nan sukan sake ɓallewa ga mutane da yawa bayan watanni ko shekaru. Idan ya dawo ba lalacewa aka yi ba, juyin za a sake. Wanda nasa ke yawan dawowa mukan duba masa sinadarin bitamin D, domin ƙarancinsa yana da alaƙa da hakan, kuma matan da ba sa yawan fita rana sukan rasa shi duk da ranar da muke da ita.

Saboda sauran masu karatu da nasu jirin bai yi kama da na Hajiya ba, tsawon lokacin da yake ɗauka shi ne babban mabuɗi. Wanda ya tashi da juwa mai tsanani da amai, ta yi kwana biyu ko uku ba tsayawa ko da bai motsa ba, sau da yawa bayan mura, yawanci jijiyar daidaito ce ta kumbura. Wannan a fara duba shi a asibiti a tabbatar ba daga ƙwaƙwalwa ba ne, sannan da amai ya tsaya a tashi a fara motsa jikin da na bayyana. Mai ciwon kai na ɓari ɗaya shi ma yakan yi jiri, wani lokaci ba tare da ciwon kan ba, haske da ƙara su dame shi. Nasa maganin yana wajen barci isasshe, cin abinci a kan lokaci, da magungunan rigakafin ciwon kan.

Akwai kuma cutar da likitan Faransa Prosper Ménière ya bayyana a 1861, wadda ke ɗauke da sunansa. Ita jirinta yana ɗaukar daga minti 20 zuwa awanni, kunne ɗaya ya toshe kamar ruwa ya shiga, ya riƙa ƙugi, ji ya ragu ya dawo. Ruwan cikin kunne ne ke yin yawa. Ba a cire ta gaba ɗaya, amma ana zama da ita lafiya, kuma abu na farko da muke nema shi ne rage gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a rana, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a dukan abincinsa. A girkinmu gishirin da ake barbaɗawa ba shi kaɗai ba ne. Dunƙulen miya cike yake da shi, haka yajin tsire da kilishi, da garin ɗanɗanon taliyar yara. Kanwa ma da ake sa wa a miyar kuka da wake da ɗanwake tana ɗauke da sinadarin da ake gudu a gishirin. Daddawa, albasa, citta da tafarnuwa suna rufe gurbin ɗanɗano sosai idan uwargida ta saba. Idan an ba mai wannan cuta maganin rage ruwa, ya zauna da likitansa kafin azumi.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne jirin da allura ke jawowa, don ana iya kauce masa. Gentamicin da streptomycin magunguna ne masu ceton rai idan an ba da su bisa ƙa'ida, amma suna iya kashe ƙwayoyin daidaito na kunne biyu, kuma abin da ya mutu ba ya dawowa. Na taɓa duba wani magidanci direban babbar mota da aka yi wa gentamicin kwanaki da yawa a wani kemis saboda zazzaɓin da ba a ma auna ba. Ɗaki ba ya juya masa, amma idan yana tafiya komai rawa yake yi a idonsa, ba ya iya karanta allon hanya sai ya tsaya cak, da dare kuma yana layi kamar wanda ya sha wani abu. Motsa jiki ya taimaka masa ya koma harkokinsa na gida, amma tuƙi ya ƙare. Duk wanda ake yi wa allura ya ji tafiyarsa ta sauya ko kunnensa ya fara ƙara, ya faɗa a ranar, kada ya jira a gama adadin.

Maganar iska kuwa, na fahimci abin da ya sa 'yan'uwa suka faɗe ta. Abu ne da ke zuwa ba sallama, ya kayar da mutum, ya tafi, a auna jini a ce lafiya lau. Addu'a da azkar ki riƙe su, ba su taɓa hana magani ba. Abin da nake roƙo kada a ɗiga miki komai a kunne, ko mai ko ruwan ganye ko turare, domin inda matsalar take ruwan ba ya isa can, sai dai ya ƙona hanyar kunne ko ya lalata dodon. Kuma idan aka kwantar da ke ta dama jirin ya taso, aka kwantar da ke ta hagu bai taso ba, aka yi juyin ya ɓace, 'yan'uwan da suka raka ki za su gani da idonsu.

Ki nemi sashen kunne, hanci da maƙogwaro. Akwai shi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Maiduguri, ga kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, saboda haka kafin ranar ki rubuta abu huɗu a takarda: motsin da ke tayar da jirin, daƙiƙa ko minti nawa yake yi, ko jinki ya ragu ko kunne yana ƙara, da sunayen duk magungunan da kike sha har da na gargajiya. Ki tafi da kwalayensu. Ki tambayi likita ko za ki tsallake Stugeron kwana ɗaya ko biyu kafin gwajin, don yakan ɓoye fizgar idon da ake nema. Kada ki cika ciki da safen, ki sa ɗankwali mai sauƙin cirewa, kuma ki tafi da wanda zai rako ki gida.